Karkatacciyar Ƙeya

Shekara goma sha bakwai na yi ina aikin jinya a ɗakin masu ciwon damuwa kafin na koma karatu, kuma duk wanda ya yi aiki da ni abu ɗaya zai gaya maka: ba na iya yin shiru. Matata Rediyo take ce mini, wai ko an ɗauke wuta ni da batirina nake yawo. To ka ga mutum irina ya je ya zaɓi aikin da rabinsa shiru ne, ai ka san akwai rigima a gaba.

Aikin yana da dogon suna a littattafai, ni dai jinyar magana nake ce wa mutane. Mara lafiya zai kwanta a doguwar kujera, kai kuma ka zauna ta bayan kansa inda ba ya ganin ka, ka ce masa ya faɗi duk abin da ya zo masa a rai, ko da ba shi da kai ba shi da gindi. Ba ka ba shi shawara, ba ka ba shi labarin kanka. In ya tambaye ka wani abu, ba ka amsawa kai tsaye, sai ka mayar masa da tambayar, domin sau da yawa abin da ya sa ya yi ta ya fi amsar amfani. Haka aka koya mana, kuma wallahi na yarda da shi, don na ga yana aiki da idona. Sai dai ni na riƙe ƙa'idar nan da hannu bibbiyu kamar wanda aka ba ajiyar ƙwai, saboda na san halin bakina.

Duk ranar Laraba nakan ɗauki littafin da nake rubuta abin da ya wakana a zamana da marasa lafiya, in kai wa malamin da ke duba aikina. Tsoho ne siriri mai tabarau a ƙarshen hanci. Ɗalibai na kiran sa Malam Uhm a bayan idonsa, domin za ka yi rabin awa kana zuba, abin da za ka samu daga wajensa "uhm" ne guda biyu ko uku. Amma uhm ɗinsa iri-iri ne. Akwai gajere, wannan na nufin ci gaba. Akwai dogo mai hawa sama a ƙarshe, in ka ji shi to ka tafka shirme, sai ka koma gida ka nemo inda ka tafka shi. Ina ƙaunar tsohon nan, kuma ina jin tsoron sa fiye da yadda ya kamaci mutum mai furfura a gemu ya ji tsoron wani.

Baba Mai Aski shi ne mara lafiya na uku da aka ba ni. 'Yarsa ce ta kawo shi, wata malamar makaranta mai saurin magana, wadda yake kira Auta ko da yake 'ya'yanta uku. Ta zaunar da shi a ɗakin jira, ta biyo ni bakin ofis da jakarta a hammata, ta zayyana mini komai a tsaye. Shi da yayansa shago ɗaya gare su, kujera biyu, madubi biyu, shekara talatin da takwas suna aski kafaɗa da kafaɗa. Yayan ya rasu wata biyar da suka wuce. Tun daga ranar Baba bai buɗe shagon ba, ba ya magana sai "to" da "a'a", abinci kuwa sai an yi da gaske yake kai loma biyu. Likitan da ke ba shi magani ya ce in zuwa ƙarshen wata mai zuwa bai fara ci ba, za a kwantar da shi.

"Likita, ka taimaka," in ji ta. "In aka kwantar da Baba, na san ba zai fito ba."

Ban tsaya gyara mata cewa ni ba likita ba ne, don na gaji da wannan gyaran tuntuni. Abin da ya tsaya mini a rai ɗakin da take nufi ne, don a irinsa na yi rabin rayuwata. Ba mugun wuri ba ne, ma'aikata na iya ƙoƙarinsu. Amma na sha ganin tsofaffi irin Baba an karɓe musu agogo da duk abin da ke aljihunsu, an ba su riga mai igiya a baya, kafin mako biyu sai ka ga sun daina tambayar ƙarfe nawa. Ban so masa haka ba. Mako bakwai nake da shi, zama biyu a mako, Litinin da Alhamis.

Ofishina yana ƙarshen wata doguwar baranda. Da can ɗakin duba marasa lafiya ne, shi ya sa har yanzu akwai wurin wanke hannu a kusurwa da ɗan madubi a samansa da tawul a rataye. Ban da wannan sai doguwar kujera, da tawa kujerar a bayanta, da fanka mai ƙara, da agogon bango da na liƙa inda ni kaɗai ke ganin sa. Duk zama ni nake zuwa ɗakin jira in ɗauko Baba, in shige gaba, ya biyo ni a hankali yana jan takalmi.

Zama na farko da na biyu, minti hamsin-hamsin, ko tari bai yi ba. Yana kwance ya ɗora hannuwa a ƙirji, yatsunsa uku na dama suna ta motsi su kaɗai. Ni kuma ina baya ina cije harshena. Ka san azabar mutum mai surutu da aka ce ya yi shiru? Har gumi nake yi.

A zama na uku, ana saura minti goma, sai na ji murya ƙasa-ƙasa.

"Likita, wa ke yi maka aski?"

Daɗi ya kama ni har yatsun ƙafa. Ya yi magana. Na daidaita murya yadda aka koya mana, ba ɗumi ba sanyi, na ce, "Me ya sa kake son sanin wanda ke yi mini aski?"

Bai sake cewa komai ba har lokaci ya cika.

Ranar Alhamis ya sake gwadawa ta wata hanyar. "Mutumin nan da ke yi maka aski," in ji shi, "yana da lafiyar ido kuwa?"

Na ce, "Kana ganin akwai wanda ba ya ganin abin da ke gabansa?"

Ya ja dogon numfashi ya juyar da kai bango. Ni kuwa har alfahari na yi da wannan tambayar, na ja mata layi biyu a littafina.

Shafi huɗu na rubuta wa Malam. Na ce aski yankewa ne, yankewa kuma rabuwa ce. Na ce yana tambayar wanda ke kula da kaina ne don ya ji ko ni ina da ɗan'uwa a raye, kuma yana jin haushina saboda ina da shi. Na ce zancen ido zargi ne yake yi wa likitocin da ba su gano ciwon yayansa da wuri ba. Na kawo sunayen manyan masana har uku don su tsaya mini. Malam ya saurara idonsa a rufe, da na gama sai ya saki dogon uhm ɗin nan mai hawa sama.

Can ya ce, "Daga ɗakin jira zuwa ofishinka, wa ke gaba?"

"Ni ne, Malam."

"Uhm."

Ka san abin da na yi da wannan? Na koma gida na ƙara shafi biyu a kan yadda ƙane ke bin bayan wa, da yadda Baba ya mayar da ni yayansa mai shige masa gaba. Kai, mai karatu in ya so ɓata, ko jaki bai kai shi taurin kai ba.

Haka muka ci mako biyar. Ya yi tambayar askin nan sau biyu kuma, na mayar masa da ita sau biyu, daga nan ya daina. Wandonsa ya fara yi masa yawa, na ga an ƙara huda a bel ɗinsa. Ranar wata Litinin Auta ta tare ni a baranda tun kafin in isa ɗakin jira, idonta ya yi ja.

"Ya ce yau ne na ƙarshe. Da ƙyar na lallaɓo shi."

"Ya faɗi dalili?"

Ta sunkuyar da kai, tana jin nauyina. "Wai kai ba ka amsa magana."

Maganar nan ta yi mini zafi. Ni, da ake roƙo in yi shiru a gidana, yau ni ne ba na amsa magana. Na shige gaba kamar kullum ya biyo ni, raina a ɓace, kuma ban san da wa nake fushi ba, da shi ko da kaina ko da littattafan.

Da muka shiga bai kwanta ba. Ya zauna a bakin doguwar kujerar ya dafa gwiwoyinsa, ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba.

"Likita, tun da ba dawowa zan yi ba, bari in gaya maka gaskiya. Ƙeyarka a karkace take. Gefen hagu ya fi na dama hawa da kusan faɗin yatsa. Sau goma ina bin bayanka a barandar nan, sau goma ina ganin ta. In na kwanta a nan ba abin da ke zuwa mini a rai sai ita. Kai ka ce in faɗi abin da ya zo mini a rai. Na faɗa, kana ta juya mini magana."

Wannan ce magana mafi tsawo da ya yi cikin wata shida. Kuma wallahi amsar littafi na kan harshena a shirye, wai in tambaye shi me kuma yake jin ya karkace a rayuwarsa. Na buɗe baki zan faɗe ta, sai dariya ta riga ta fita. Ban shirya ta ba, ƙwacewa ta yi.

Na ce, "Matata ce, Baba. Da injin da take yi wa yara aski."

Ya gyaɗa kai a hankali kamar likitan da gwaji ya tabbatar masa da abin da yake zargi. "Allah ya saka mata da alheri," in ji shi, "amma ta bari."

Sai na ga hannunsa ya tafi aljihun gaban rigarsa ya tsaya a can. Kan mataji ya leƙo, da bakin wani ɗan kube na fata irin na almakashi. Ashe duk zaman nan da su yake zuwa. Abubuwa uku suka zo mini a lokaci ɗaya. Ƙa'ida ta ce ba taɓa jiki tsakaninmu da mara lafiya. Tsohon malamin jinyar da ke cikina ya ce kai, mai ciwon damuwa ne da almakashi a hannu, kuma wuyanka za ka miƙa masa. Na uku kuma uhm ɗin Malam ne, har ina jin hawansa. Amma idona na kan yatsun nan uku da suka yi mako biyar suna yanka iska a kan ƙirjinsa. Na miƙe, na ja kujerata zuwa gaban madubin wurin wanke hannu, na ciro tawul na yafa a kafaɗa, na zauna.

"Bismillah, Baba. Gyara."

Ya daɗe bai motsa ba, har na fara jin kunya ta kama ni. Sai na ji ƙarar takalminsa, kuma wannan karon ba ja yake yi ba. Ya gyara zaman tawul ɗin, ya tura bakinsa cikin wuyan rigata, ya sa yatsa biyu ya sunkuyar da kaina. Hannunsa da sanyi, amma ko kaɗan ba ya rawa.

Almakashi ya fara ƙas-ƙas a bayan kunnena. Da ya yi kamar minti biyu sai ya ɗago ya dube ni ta madubi, ya ce, "Yaya ba ya son irin gashin nan naka. Wai yana cinye masa kaifi."

Ya ci gaba da yanka yana magana.

"Shi ke magana a shago, ni aiki nake yi. Mutane layi suke yi a kujerarsa don hira. Ya ba ka labarin ƙwallo, ya ba ka na siyasa, ya haɗa ka faɗa da surukinka ya kuma sasanta ku, duk kafin ya gama gefe ɗaya. In ya fita salla sai su lallaɓo wajena, Ƙarami, ɗan daidaita mini nan. Ƙarami yake ce mini, sai kowa ya ɗauka. Ina da jikoki bakwai ana ce mini Ƙarami."

A nan ne na gane wautata. Mutumin nan tun yana saurayi a tsaye yake magana, a bayan kan mutum, hannunsa na aiki, yana kallon ido ta madubi. Ni kuma na kwantar da shi kamar gawa, na ƙwace masa wurin tsayuwarsa na zauna a ciki, sannan ina mamakin ya yi shiru.

Ya koma gefen dama. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Ranar Asabar ce, shago cike. Ya ce ƙirjinsa ya riƙe. Ya sallami wanda ke kujerarsa ya zauna a kai da kansa, abin da ba ya yi. Ya ce Ƙarami, zo ka duba ni. Na ce bari in gama kan nan." Almakashin ya tsaya. "Saje nake daidaitawa. Ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Bai fi minti uku ba, Likita. Da na juya, kansa ya faɗi gefe."

Da a ɗakin jinya ne da tuni na fara: ai lokaci ne ya yi, ai minti uku ba za su canza komai ba, ai ba laifinka ba ne. Duk gaskiya ne, kuma na tabbata Auta da maƙwabta sun gaya masa sau ɗari, ba ta shiga ba. A karon farko tun da na fara aikin nan na yi shiru ba don tsoron bakina ba, sai don na ga shirun yake bukata. Na bar idona a cikin nasa ta madubi. Mun daɗe a haka, fanka na ta ƙara.

Can na ce, "Wata shida kana tsaye a cikin minti ukun nan kai kaɗai."

Ya hure gashin da ke wuyana, ya karkaɗe tawul, ya juya kaina hagu da dama yana dubawa. Ya mayar da kayansa aljihu. A bakin ƙofa ya ce, "Alhamis ƙarfe goma ne ko?"

Matata ta ga ƙeyar tun daga ƙofar gida, ta tambayi wanda ya yi. Da na gaya mata har da saƙon ta bari, sai ta ɗauko injin ta ajiye mini a kan cinya, ta ce in kai wa tsohon nawa yaran ma. Ba ta sake yi mini magana ba sai da na yabi miyarta sau biyu.

Washegari Auta ta kira ni. Ta ce magana ta fara dawowa, har ya tambayi jikokinsa. Amma abinci yana nan yadda yake, loma biyu ya ture kwano. An auna shi, ya sake raguwa, kuma likita ya ce ba zai ɗaga ranar ba. Saura kwana goma sha biyu.

Ranar Laraba na shiga wajen Malam kamar ɗalibin da ya fasa gilashin aji. Ban rubuta shafi ko ɗaya ba, da baki na faɗa masa komai, har da dariyar. Na zauna ina jiran dogon uhm. Sai tsohon nan ya tashi, ya zagayo bayana, ya gyara tabarau, ya ƙare wa ƙeyata kallo.

"Ya iya," in ji shi. Ya koma ya zauna. "Me ya sa ka zauna masa?"

"Ban sani ba, Malam. Hannunsa na gani."

"Da ka tsaya neman dalili a lokacin, da ya fita ya bar ka. Wannan ka yi daidai. Amma yanzu ka tashi daga kujerar, dole ka san inda ka shiga. Shagonsu ka shiga. Mutum biyu ne a shagon nan, ɗaya ya tafi, wurinsa na nan a buɗe. Ka tuna abin da muke cewa aron fuska?"

Na tuna mana. Shi ne mara lafiya ya ɗauko fuskar wani nasa ya ɗora maka ba tare da ya sani ba, ya so ka ko ya ƙi ka da ita. Shafi biyu na rubuta a kai lokacin da babu shi.

"Wancan karon ƙirƙiro shi ka yi," in ji Malam. "Wannan karon zai zo da gaske, kuma zai zo da daɗi, shi ya sa nake gaya maka. Littafin da ka ajiye ranar Litinin kada ka jefar da shi."

Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon haka ba. Na fito ina jin daɗi ina kuma jin tsoro.

Ranar Alhamis Baba ne ya riga ni tashi a ɗakin jira. Da muka shiga ofis bai kalli doguwar kujera ba. Ya ja kujerata zuwa gaban madubi da kansa, ya ciro tawul. Na ɗauka gemuna zai kama yau, har na fara tunanin yadda zan ce masa a'a. Sai na ga ya yafa tawul ɗin a tasa kafaɗar, ya zauna, ya sa hannu biyu ya cire hularsa.

Ban taɓa ganin kansa ba sai ranar. Gashi ne fari fat, ya yi tsawo ya cukurkuɗe, hula ta danne shi ya kwanta ta ko'ina, wani ya sauko har kan kunne. Kan mai aski ne da bai ga almakashi ba wata shida.

"Tun ina ɗan shekara goma sha biyu ba wanda ya taɓa kan nan sai Yaya," in ji shi. "In mun rufe shago ranar Lahadi, in yi masa, ya yi mini." Ya zaro almakashin daga kube, ya juya shi, ya miƙo mini ta wajen mariƙi. "Na yi maka. Saura kai."

Ba zan ɓoye maka ba, na so in karɓa. Na aske kawunan marasa lafiya sun fi ɗari a ɗakin jinya, ba aikin ne zai gagare ni ba. Hannuna har ya tashi. Ga tsoho ya cire mini hularsa, ya ba ni abin da bai ba kowa ba, kuma saura kwana goma. Wataƙila ma in na yi masa ya ci abinci a ranar. Amma na hango abin da zai biyo baya: duk Litinin da Alhamis zai zo shagonsa a ofishina, ya yi mini in yi masa, yana da Yaya sau biyu a mako. Shagon gaske ya ci gaba da zama a rufe. Ranar da jinya ta ƙare kuma, ya sake yin rashin daga farko. Na mayar da hannuna na riƙe bayan kujerar.

Na ce, "Baba, bakin gashin nan, inda ya ƙare, nan ne almakashin Yaya ya bi na ƙarshe. Ina ganin shi ya sa ka rufe shi da hula. Ranar da aka yanke shi, askin Yaya ya tafi. In kuwa ni na yanke, sai mu biyu mu yi kamar Yaya bai tafi ba."

Fuskarsa ta haɗe a madubi. "Ka koma juya magana ke nan."

"A'a. Wannan karon amsa na ba ka. Ba zan yi maka ba. Amma ga ni nan tsaye a bayanka, ba inda za ni."

Ya riƙe almakashin a sama kamar bai ji ba. Na ce a raina shi ke nan, na ɓata, zai sa hularsa ya fita, kuma ni ne zan raka Auta ta kai shi ɗakin can. Sai hannun ya sauko a hankali kan cinyarsa. Ɗaya hannun ya tashi ya kama wani ɗan gashi da ke kan kunnensa, ya murza bakinsa tsakanin yatsu. Kafaɗunsa suka fara girgiza a ƙarƙashin tawul.

Kukan tsoho ba daɗin ji. Ba ya fita da sauƙi, sai ya yi ta tokarewa a maƙogwaro. Ya kira Yaya sau uku ko huɗu, ya ce da na zo, da na ajiye na zo. Ban ce masa ya yi haƙuri ba, ban ce ya daina ba. Na tsaya inda na ce zan tsaya. Nawa idon ma ya kawo ruwa, kuma na san yana gani ta madubi, ban ɓoye ba.

Da ya lafa, ya share fuska da bakin tawul, yana kallon kansa a madubi. Na saci kallon agogo, saura minti goma sha biyu.

"Auta na waje?" in ji shi.

"Tana nan."

"Kira mini ita."

Ta shigo da jakarta a hammata, ta ga ubanta ba hula a gaban wurin wanke hannu, ta tsaya cak. Ta dube ni, na matsa gefe na bar mata bayan kujerar. Ya miƙa mata almakashin ta kan kafaɗarsa.

"Baba, ni ban iya ba," in ji ta. "Ɓata maka kai zan yi."

"Ɓata," in ji shi. "Yaya ma bai iya ba. Shekara hamsin yana ɓata mini kai, ban taɓa gaya masa ba."

Dariya da kuka suka zo mata tare. Ta miƙo mini jakar na riƙe mata, ta sa yatsunta a mariƙin almakashin a juye, ya kama hannunta ya gyara mata. Ta ɗebo gashi mai yawa, ya ce rage, ta rage. Ta rufe ido ta datse. Farin gashin ya faɗo kan tawul, ya gangaro kan cinyarsa. Ya dube shi, bai ɗauka ba.

Ta ci gaba a hankali, tana cije leɓe, shi kuma yana bin hannunta da ido ta madubi. Lokacinmu ya cika ya wuce da minti biyar, na bar agogon da aikinsa. Ta gama gefe ɗaya ta zagaya ɗayan, sai na ji ya yi gyaran murya.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Me kika dafa a gida?"